Yadda Ake Lissafin Gadon Halitta: Daga Lambun Mendel Zuwa Takardar Gwajin Jini

Duk wanda ya taɓa shiga gidan suna ya ji yadda mata ke rarraba jariri tun bai buɗe ido sosai ba: wannan ta ce hancin na ubansa ne, waccan ta ce goshin na kakarsa ta wajen uwa ne, wata dattijuwa kuma ta kama 'yan yatsunsa ta ce irin na wani kawu ne da ya rasu tun kafin a ɗaura auren iyayen. Mutanenmu sun daɗe da sanin cewa kamanni gado ne, shi ya sa suka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa gadon nan yana da ƙa'ida wadda ake iya lissafawa da biro da takarda, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya iya kasa goro kashi huɗu ba. Na ɗauki wannan ilimi da muhimmanci domin a wurinmu ba a cikin aji yake ƙarewa ba. Da shi ake gane dalilin da ya sa iyaye biyu masu ƙoshin lafiya suke haihuwar yaro mai sikila, da dalilin da ya sa baƙaƙen iyaye suke haihuwar zabiya, da kuma dalilin da ya sa manomin da ya adana irin masara mai aure yake ganin gonarsa ta lalace a damina ta biyu.

Mataki na farko: a ajiye tunanin gauraya

Kafin a fara kowane lissafi sai an rabu da wani tsohon zato, wanda masanan Turai ma suka yi riƙo da shi har cikin ƙarni na 19, wato cewa siffofin uwa da na uba suna gauraya a jikin ɗa kamar yadda fura ke narkewa a cikin nono, ta yadda ba za a ƙara iya raba su ba. Da haka abin yake, da siffar da ta ɓace a jikin ɗa ba za ta sake bayyana cikakkiya a jikin jika ba, alhali kuwa kowa ya ga tana bayyana.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Gregor Mendel, wani malamin addinin Kirista da aka haifa a 1822, ya zauna a gidan ibada na birnin Brno, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, a yau kuma yake cikin Jamhuriyar Cek. Ya karanci kimiyya da lissafi a jami'ar Biyana, babban birnin Ostiriya, daga 1851 zuwa 1853, kuma wannan horo na lissafi shi ne ya bambanta shi da masu haɗa auren tsirrai da suka gabace shi, domin su kallo suke yi su siffanta, shi kuwa ƙidaya yake yi. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka koren waken nan ƙanana masu zagaye na ƙasashen sanyi, wanda muke gani a cikin shinkafar biki, har ya bibiyi tsirrai kusan 28,000 a wani ɗan lambu.

Zaɓen wannan tsiro ba da ka aka yi shi ba. Furensa a rufe yake, sashen namiji da na mace suna ciki tare, don haka yana barar kansa da kansa, kamar yadda wakenmu na gida yake yi a mafi yawan lokuta. Mendel ya tara nau'i 34, ya shafe shekara biyu yana shuka su don ya tabbatar da waɗanda ba sa canza kama daga shuka zuwa shuka, sannan ya tsayar da siffofi bakwai waɗanda kowacce fuska biyu kawai take da ita: kara dogo ko gajere, ƙwaya mulmulalliya ko yamutsattsiya, rawaya ko koriya, fure mai launin shunayya ko fari, da sauransu. Idan zai haɗa aure, sai ya buɗe furen tun yana ƙunshe bai nuna ba, ya sa ɗan hantsaki ya cire sassan namijin kafin su zubar da garinsu, ya ɗebo garin fure daga wani tsiron ya shafa a kan sashen macen, sannan ya rufe furen da 'yar jaka don kada ƙwaro ko iska su kawo wani garin. Haka ya yi, fure bayan fure, shekara bayan shekara.

Da ya haɗa dogo tsantsa da gajere tsantsa, 'ya'yan duka suka fito dogaye, babu matsakaici ko ɗaya. Da ya bar waɗannan 'ya'yan suka bari kansu, sai ga gajarta ta dawo a jikoki: dogaye 787, gajeru 277. A siffar ƙwaya ya ƙidaya mulmulallu 5,474 da yamutsattsu 1,850. A launi ya sami rawaya 6,022 da koraye 2,001. Duk wanda ya raba babban adadin da ƙaramin zai ga amsar tana zagaye da uku, wato uku bisa ɗaya, a dukkan siffofin bakwai. Gajartar ba ta narke ba, lafewa ta yi na tsawon shuka guda ta sake fitowa yadda take.

Mataki na biyu: a san kayan aiki da sunayensu

Bayanin da Mendel ya bayar shi ne wanda har yau ake aiki da shi. Kowace siffa akwai wani abu ƙwaya guda da ke ɗauke da umarninta, wanda za mu kira ƙwayar gado. Kowane tsiro, kowace dabba, kowane mutum yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kwafin nan biyu suna iya zama iri ɗaya, suna kuma iya bambanta. Idan suka bambanta, sau da yawa ɗaya yakan danne ɗaya a zahiri. Wanda ya danne shi ne mai rinjaye, wanda aka danne kuma shi ne mai lafewa. A al'adar rubutu ana ba mai rinjaye babban baƙi, mai lafewa kuma ƙaramin baƙin, don haka za mu rubuta D a madadin tsawo, d a madadin gajarta.

Daga nan ne ake samun bambanci mafi muhimmanci a dukkan wannan fanni, bambanci tsakanin abin da jiki ke ɗauke da shi da abin da ido ke gani. Tsiro mai DD dogo ne, mai Dd shi ma dogo ne, ba kuma za ka iya bambance su da kallo ba. Mai dd kaɗai ne gajere. Haɗin baƙaƙen biyu shi ne jinotayif, kalmar da kowa ya saba ji a asibiti, kamannin zahiri kuma shi ne sakamakonsa. Wani masani ɗan Denmak mai suna Wilhelm Johannsen ne ya fito da kalmar jinotayif a 1909, shekaru 25 bayan rasuwar Mendel. Ya kamata a kiyaye cewa rinjaye a nan ba ya nufin ƙarfi ko inganci ko yawa a cikin jama'a. Haihuwar yaro da yatsa na shida, wadda ake gani a gidaje da dama a ƙasarmu, galibi ta hanyar ƙwaya mai rinjaye take zuwa, amma duk da haka masu yatsu biyar sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce ta rabuwa. Lokacin da jiki zai samar da ƙwan mace ko maniyyin namiji, ko garin fure a tsiro, kwafin nan biyu sukan rabu, kowane ƙwai ya tafi da guda ɗaya tak. Mai Dd rabin ƙwayayensa D ne, rabi d, kuma babu wanda yake da ikon zaɓen wanda zai tafi.

Mataki na uku: a zana akwatin lissafi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ana danganta zanen da wani Bature ɗan Ingila, Reginald Punnett, wanda ya yi aiki a Kambirij a farkon ƙarni na 20. Ka zana murabba'i, ka ja layi ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance a tsakiyarsa, ya zama ɗaki huɗu. A saman murabba'in ka rubuta baƙaƙen uba guda biyu, kowanne a kan shafinsa. A gefen hagu ka rubuta baƙaƙen uwa, kowanne a gaban jerinsa. Sai ka cika kowane ɗaki da baƙin da ke samansa haɗe da baƙin da ke gefensa. Ɗakunan huɗu su ne dukkan hanyoyin da haɗuwar za ta iya kasancewa, kuma kowannensu damarsa daidai take da ta ɗan'uwansa.

Gwada da DD da dd. Uba ba shi da abin bayarwa sai D, uwa ba ta da sai d, saboda haka ɗaki huɗun duka Dd ne, duka dogaye, kamar yadda Mendel ya gani a shukar farko. Yanzu gwada da Dd da Dd. Ɗakin farko DD, na biyu da na uku Dd, na huɗu dd. A jinotayif ka sami ɗaya, biyu, ɗaya; a ido kuwa dogaye uku, gajere ɗaya. Mendel bai tsaya a zato ba, ya gwada wannan ɓoyayyen rabo: ya shuka mulmulallun ƙwayoyi 565 daga cikin jikokin, 193 suka ba da mulmulallu zalla, 372 kuma suka ba da gauraye, wato kusan ɗaya bisa biyu, daidai da abin da akwatin ya nuna.

Ina ba duk mai koyo shawarar kada ya wuce nan sai ya taɓa abin da hannunsa. Ka samo ƙwarya biyu, ɗaya ta zama uwa, ɗaya uba. A cikin kowacce ka zuba farin wake 50 da jan wake 50, ka gauraya sosai. Ka ɗauki ja a matsayin mai rinjaye. Ka rufe ido, ka sa hannun dama a wannan, na hagu a waccan, ka zaro ƙwaya ɗaya daga kowacce, ka rubuta abin da ya fito, sannan ka mayar da kowace ƙwaya cikin ƙwaryarta ka sake gaurayawa. A zarowa huɗu na farko kana iya samun fari da fari sau biyu, kana iya rasa shi gaba ɗaya. Amma idan ka daure ka yi sau 100, za ka ga fari da fari ya tsaya a kusa da 25, ja da ja a kusa da 25, gauraye kuma a kusa da 50. Mayar da waken nan cikin ƙwarya shi ne darasin da ya fi kowanne tsada, domin jikin uwa da na uba haka suke: abin da ya fita a haihuwar fari bai rage komai daga abin da zai iya fita a ta biyu ba.

Mataki na huɗu: a tono abin da ke ɓoye

Idan kana da tsiro dogo kana son sanin ko DD ne ko Dd, sai ka haɗa shi da gajere, domin gajere an riga an san dd ne, ba shi da abin da zai danne kowa da shi. In 'ya'yan da yawa suka fito duka dogaye, to naka DD ne. In kusan rabi suka fito gajeru, to Dd ne. Masu inganta iri da masu kiwo suna amfani da wannan dabara har yau.

A nan ne kuma manomi zai gane sirrin irin masara mai aure da yake saya a leda. Kamfani yakan tsarkake layi biyu na masara na shekaru, sannan ya haɗa su, abin da ya sayar maka shi ne 'ya'yan farko, waɗanda jinotayif ɗinsu ɗaya ne, shi ya sa gonar take tashi kai ɗaya, ta yi goyo lokaci ɗaya. In ka ɗebi iri daga girbin ka shuka baɗi, jikoki ka shuka, kuma a jikoki ne duk abin da ya lafe yake fitowa: wani kara dogo, wani gajere, wani goyon ƙarami, amfanin kuma ya ragu. Wake ba haka yake ba, tunda yana barar kansa, don haka ingantaccen irin wake daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ana iya adana shi a sake shukawa na wasu shekaru, muddin ba a bari ya gauraya da wani a masussuka ko a buhu ba.

Mataki na biyar: siffa biyu a lokaci guda

Mendel ya haɗa tsiro mai ƙwaya mulmulalliya rawaya da mai yamutsattsiya koriya. 'Ya'yan farko duka mulmulallu ne rawaya. A jikoki ya ƙidaya ƙwaya 556: mulmulallu rawaya 315, mulmulallu koraye 108, yamutsattsu rawaya 101, yamutsattsu koraye 32. Wannan shi ne rabon tara, uku, uku, ɗaya. Ana iya fitar da shi da akwati mai ɗaki 16, amma hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa kowace siffa ita kaɗai sannan a ninka. Damar yamutsewa ɗaya cikin huɗu ce, damar zama kore ita ma ɗaya cikin huɗu, saboda haka damar haɗuwarsu a ƙwaya guda ɗaya cikin 16 ce; ka raba 556 gida 16 za ka sami kusan 35, shi kuma ya ƙidaya 32. Ma'anar wannan ita ce kowace siffa tana bin hanyarta ba tare da ta jira ɗaya ba, kuma ita ce ƙa'ida ta biyu.

Ya gabatar da sakamakonsa a gaban ƙungiyar masana halitta ta Brno a watannin Fabrairu da Maris na 1865, aka buga shi a 1866, amma kusan babu wanda ya gane nauyin abin da ya faɗa. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, hidimar mulki ta cinye lokacinsa, ya rasu a 1884. Sai a 1900 masana uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Ostiriya, suka dawo da aikinsa fili.

Ƙa'ida ta biyun tana da iyaka. An gano cewa ƙwayoyin gado a jere suke a kan wasu zaruruwa da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda ake kira kuromosom. Ɗan Adam yana da 46, wato tagwaye 23, waken Mendel kuma yana da tagwaye bakwai. Ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a kan zare ɗaya sukan yi tafiya tare, kamar yadda Thomas Hunt Morgan da ɗalibansa suka nuna a jami'ar Kolombiya ta Amurka ta hanyar kiwon ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Saboda haka ninkawar da muka yi a sama tana aiki ne idan ƙwayoyin suna kan zare dabam-dabam, ko kuma suna nesa da juna a kan zare ɗaya.

Mataki na shida: a kawo lissafin gida

Yanzu a cire D da d, a sa A da S. A jinin mutum akwai sinadarin da ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki, kuma ƙwayar gadonsa tana da nau'i na yau da kullum, A, da nau'in S wanda ke sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci. Lanƙwasassun ƙwayoyin suna toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa, kuma suna mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kusan 120, daga nan ƙarancin jini yake zuwa. Wani likita a Chicago, James Herrick, ya siffanta cutar a 1910, a 1949 kuma James Neel ya nuna cewa tana bin ƙa'idar Mendel sak. Mai AA ba ya ɗauke da ita. Mai AS yana ɗauke da ita, amma a rayuwar yau da kullum lafiyarsa ƙalau. Mai SS shi ne mai amosanin jini, wato sikila.

Ka zana akwatin da kanka ga kowane haɗi. AA da AA, duka AA. AA da AS, rabi AA, rabi AS, babu SS. AA da SS, duka AS, babu mai ciwo ko ɗaya. AS da SS, rabi AS, rabi SS. AS da AS kuwa shi ne Dd da Dd na lambun Brno: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Akwai kuma nau'in C, wanda ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunsa a Nijeriya. AS da AC suna da damar ɗaya cikin huɗu ta haihuwar SC, wanda shi ma nau'i ne na cutar, don haka kada ganin babu S a takardar mutum ɗaya ya sa a saki jiki.

Kuskuren da na fi jin ana maimaitawa, har a bakin masu ilimi, shi ne cewa AS da AS in suka tsaya a 'ya'ya uku sun tsira, wai na huɗu ne yake zuwa da sikila. Wannan fahimta ta jefa gidaje cikin wahala. Ka tuna da ƙwaryar wake: kowane ciki sabon zarowa ne, ɗan fari ma yana iya zuwa SS, na biyu ya biyo shi. Don a san damar tsira gaba ɗaya, sai a yi ta ninka uku bisa huɗu da kansa, uku bisa huɗu guda ga kowace haihuwa. A haihuwa huɗu amsar 81 ce cikin 256, wato kusan kashi 32 cikin 100, wanda ke nufin a cikin irin waɗannan gidaje fiye da kashi biyu cikin uku za su sami aƙalla yaro ɗaya mai ciwon. A haihuwa shida damar tsira tana sauka ƙasa da kashi 18 cikin 100. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake AS, wannan lissafi ne da ya kamata waliyyai su iya kafin a sa rana, ba bayan an kai lefe ba. Dalilin yawan S a yankinmu shi ma sananne ne: a 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka ƙwayar ta yaɗu a inda sauro ya yi yawa.

Akwatin yana kuma wanke wanda ake zalunta. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uwa da S daga uba, saboda haka dangin miji da ke cewa matar ce ta kawo musu ciwo cikin zuri'a sun faɗi abin da ba zai yiwu ba. Haka zancen zabiya yake: ƙwayar mai lafewa ce, iyayen biyu duka suna ɗauke da ita a ɓoye, wataƙila tun daga kakannin kakanni, kuma babu dalilin zargin kowa ko danganta abin da iskoki. Auren zumunci ba ya ƙirƙirar cuta, amma yana ƙara damar haɗuwar masu ɓoye abu iri ɗaya, domin ɗan wa da 'yar ƙani suna tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu ta hanyar kakanni guda. Gidan da aka san akwai sikila a cikinsa ya fi kowa bukatar gwaji kafin haɗa 'yan'uwa.

Kada a rikita jinotayif da rukunin jini, domin ƙwayoyi ne dabam. Rukunin jini, wanda Karl Landsteiner ya gano a 1901, yana da nau'i uku a cikin jama'a, A da B da O, ko da yake kowane mutum biyu kawai yake ɗauka. O mai lafewa ne, A da B kuma babu mai danne wani, in suka haɗu duka suna bayyana a matsayin AB. Don haka uba mai rukunin A da uwa mai rukunin B, in kowannensu yana ɓoye da O, suna iya haihuwar A ko B ko AB ko O, duka halal ɗinsu.

Mataki na bakwai: namiji, mace, da gadon da ke bi ta wajen uwa

Daga cikin tagwaye 23, guda ɗaya ne ke tsayar da jinsi. Mace tana da X da X, namiji yana da X da Y. Ka sa su a akwati: uwa ba ta da abin bayarwa sai X, uba ne yake ba da X a sami mace, ko Y a sami namiji, rabi da rabi a kowane ciki. Mutumin da ke ƙorafin cewa matarsa 'ya'ya mata kawai take haifa masa, ya sani cewa ɓangaren da ke bambanta jinsin daga jikinsa yake fitowa, shi ma kuma ba da zaɓinsa ba.

Zaren X yana ɗauke da ƙwayoyin gado masu yawa waɗanda babu takwarorinsu a kan Y. Morgan ya lura da haka a 1910, lokacin da ya sami namijin ƙuda mai farin ido a cikin jajayen idanu, ya ga a jikoki farin idon yana fitowa a maza kaɗai. A mutane haka cutar rashin daskarewar jini take tafiya, haka ma rashin bambance ja da kore. Mace mai ɗauke da ƙwayar a X ɗaya tana da ɗayan X ɗin da zai rufa mata asiri, ɗanta namiji kuwa in ya karɓi wannan X ba shi da mai rufa masa. Rabin 'ya'yanta maza suna cikin haɗari, rabin matan kuma za su ɗauka a ɓoye. Uba mai cutar ba ya ba ɗansa namiji, tunda Y ya ba shi, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka. Ta wannan hanya cutar rashin daskarewar jini ta bi 'ya'yan Sarauniya Biktoriya ta Ingila mata har ta shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. In a dangin uwa an taɓa samun yaron da jini ya ƙi tsayawa bayan kaciya ko cire haƙori, wajibi ne a gaya wa likita kafin a yi wa wani yaron gidan kaciya.

Tsawon mutum, hasken fata da nauyin jiki ba sa shiga akwati mai ɗaki huɗu, domin ƙwayoyi masu yawa ne suke haɗuwa su samar da su, abinci da lafiyar ƙuruciya kuma suna da nasu kason. Shi ya sa a irin waɗannan siffofi ake ganin kamar gauraya ake yi.

Mataki na takwas: zanen zuri'a da takardar gwaji

Tunda ba a gwajin haɗa aure da mutane, abin da ake yi shi ne zanen zuri'a. Ka wakilta namiji da murabba'i, mace da da'ira, ka ja layi tsakanin ma'aurata, ka saukar da 'ya'yansu a ƙasa bisa tsarin haihuwa, ka cike alamar duk mai siffar da baƙin biro. Ka haɗa da waɗanda suka rasu suna ƙanana, ka tambayi tsofaffin gida abin da suka yi fama da shi, domin yaran da aka ce sun tafi da kumburin hannu da ƙafa da yawan zazzaɓi da idanu rawaya suna iya zama amsar da kake nema. Sannan ka fara daga masu siffar ka hau sama: duk mai SS, iyayensa biyu suna da S, duk siffar da ta tsallake iyaye ta bayyana a 'ya'ya maza da mata, mai lafewa ce, wadda take bayyana a kowane tsatso ba tsallake, mai yiwuwa mai rinjaye ce, wadda ta fi kama maza ta hanyar iyaye mata, a duba X.

Zane yana nuna inda za a sa ido, amma gwajin jini ne yake yanke hukunci, kuma a 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Ka nemi gwajin da ke rarrabe nau'o'in sinadarin jini ya fito da baƙaƙen a rubuce, domin ƙaramin gwajin da ke cewa akwai S ko babu ba ya bambance AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda aka ƙara wa jini kwanan nan ya jira aƙalla wata uku zuwa huɗu, tunda jinin wani yana iya sa SS ya fito kamar AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida yana da ragowar jinin ciki wanda ke rikita gwajin da aka saba yi, don haka a maimaita masa bayan ya wuce wannan lokaci. In maganar aure ce, kowane ɗaya daga cikin biyun ya yi gwajin a wurare biyu dabam, a karɓi takardun hannu da hannu daga ɗakin gwajin, sannan a zauna a zana akwatin da baƙaƙen da aka gani a rubuce.